Faci Na Nan Wata Shida, Ba Ku Liƙa Ba

Ranar Asabar 25 ga Janairun 2003, da misalin ƙarfe 5:30 na asuba agogon GMT, wani da har yau ba a kama ba ya saki wata 'yar tsutsar kwamfuta a intanet. Girmanta duka-duka bayit 376, ba ta ko kai tsawon wannan sakin layi ba. Yawan na'urorin da ta kama yana ninkawa duk bayan daƙiƙa takwas da rabi, kuma kafin minti goma ta shiga kashi 90 cikin 100 na duk waɗanda za ta iya shiga a duniya, jimilla kimanin 75,000. Aka sa mata suna Slammer. A Amurka yawancin na'urorin ATM 13,000 na Bank of America suka ƙi ba da kuɗi, kamfanin jiragen sama na Continental ya jinkirta wasu tafiye-tafiye ya soke wasu, wata cibiyar kiran gaggawa ta 911 da ke kusa da birnin Seattle ta koma aiki da biro da takarda. A Koriya ta Kudu, inda intanet mai sauri ya riga ya shiga gidajen jama'a tun a lokacin, layi ya ɗauke na sa'o'i a kusan ko'ina.

Tun daga ranar ake ba da wannan labari kamar na guguwa ko girgizar ƙasa, abin da ya faɗo wa mutane ba su ji ba ba su gani ba. Ni ban yarda ba. Sakaci ne aka yi, hawa-hawa, kowane hawa da mai shi, kuma ana iya nuna kowa da yatsa.

Mu fara da waɗanda suka rubuta manhajar. Abin da tsutsar ta kama shi ne SQL Server 2000 na kamfanin Microsoft, manhajar da ke riƙe rumbun bayanai. A cikinta akwai wani ɗan sashe da aikinsa ba shi da yawa: yana zaune a ƙofa mai lamba 1434 yana jiran a tambaye shi inda wani rumbu yake. Saƙo ya zo, idan bayit ɗinsa na farko 4 ne, to abin da ya biyo baya sunan rumbun da ake nema ne. A ƙa'ida sunan ba ya wuce harafi 16. Wanda ya rubuta wannan sashe ya ware gurbi na bayit 128 a ƙwaƙwalwar na'ura don ya ajiye abin da aka turo, ya ga ai ya wadatar, sai ya sa a kwafe saƙon a zuba. Bai sa a auna tsawonsa kafin a zuba ba. Iyakar kuskuren ke nan. Layi ɗaya ko biyu da za su ce idan ya wuce kaza a watsar, ba a rubuta su ba.

Mai awo da ya kifa buhu a kan mudu bai duba ba, abin da ya tumbatsa ba ɓacewa yake yi ba, tsibin maƙwabci yake gangarawa. A ƙwaƙwalwar kwamfuta maƙwabcin wannan gurbi shi ne adireshin komawa, wato inda na'ura ta rubuta wa kanta wurin da za ta ci gaba da aiki idan ta gama da wannan saƙo. Wanda ya turo suna mai tsawon da ya wuce gurbin, rarar rubutunsa za ta hau kan adireshin ta goge shi. Idan shirme ya turo, manhajar ta faɗi. Idan kuwa ya lissafa abin da ya turo, to shi ne ya zaɓa wa na'urar inda za ta nufa, kuma inda zai nufar da ita shi ne cikin saƙon nasa. Daga nan abin da aka karɓa a matsayin suna ya zama umarni, na'ura ta bi shi da dukkan ikon da aka ba manhajar rumbun, wanda a wurare da yawa iko ne a kan na'urar baki ɗaya. Ba a tambaye shi sunan shiga ba, ba a tambaye shi kalmar sirri ba. Saƙo ɗaya tak.

Umarnin da Slammer ta ba na'ura shi ne: ƙirƙiri adireshi da ka, aika mini can, sake ƙirƙira, sake aikawa, kada ki tsaya. Ba ta jiran amsa, saboda irin saƙon da take amfani da shi, UDP, ba ya buƙatar sallama balle a amsa. Iyakarta kawai faɗin layin da na'urar take kai. Cikin minti uku da farawa na'urorin da suka kamu suna harba saƙo sama da miliyan 55 a kowace daƙiƙa, hanyoyin intanet suka cushe, na'urorin da ke rarraba zirga-zirga suka fara faɗuwa.

To, ku masu rubuta manhaja, ku gaya mana: sabon abu ne wannan? A 1972 wani rahoto da James Anderson ya shirya wa rundunar sojin saman Amurka ya riga ya bayyana irin wannan ɓaraka. A watan Nuwamban 1988 tsutsar Robert Morris ta bi ta irinta ta durƙusar da wani kaso mai yawa na intanet ɗin wancan zamani. A 1996 mujallar 'yan kutse ta Phrack ta buga darasi daki-daki na yadda ake cin moriyar tumbatsar gurbi, duk ɗalibin da ya so ya karanta kyauta. A Yulin 2001 kuma tsutsar Code Red ta bi ta irin wannan kuskure a wata manhajar Microsoft ɗin dai, ta kama na'ura 359,000 cikin ƙasa da sa'a 14. Shekara talatin ana faɗa, ana rubutawa, ana gani da ido. Wanda ya karɓi saƙo daga baƙon da bai sani ba a intanet ya zuba a gurbi bai auna ba, a manhajar da bankuna da asibitoci za su biya maƙudan kuɗi su saya, ba shi da uzurin rashin sani. Kuma ba shi kaɗai nake tuhuma ba. Ina wanda ya duba aikinsa? Ina masu gwaji? Gwajin da zai tona wannan ɓaraka shi ne a tura dogon shirme a kowace ƙofa a ga ko manhajar za ta faɗi. Ɗan koyo zai iya yi kafin azahar. Kamfanin da ke da dubban injiniyoyi bai yi wa ƙofa ta 1434 ba, ko ya yi bai kula ba, saboda ranar fitar da kaya kasuwa ta fi masa muhimmanci.

Kada wani ya ɗauka ciwon kamfani ɗaya ne. A daidai wannan zamani Oracle, babban abokin hamayyar Microsoft a harkar rumbun bayanai, yana tallar Oracle9i da cewa ba ta fasuwa, shugabansa Larry Ellison yana bugun ƙirji da hakan a bainar jama'a. Ba a ɗau lokaci ba wani mai bincike ɗan Birtaniya, David Litchfield, ya fito da jerin ɓarakoki a cikinta, ciki har da irin wannan tumbatsar. Tallar ƙarya a kan abin da mutane za su ɗora dukiyarsu a kai cin amana ce, ko da lauyoyi sun tsara takardar da za ta wanke mai tallar.

Shi Litchfield ɗin ne ya gano ɓarakar ƙofa ta 1434. Ya kai wa Microsoft rahoto, ya jira, kamfanin ya fitar da faci ranar 24 ga Yulin 2002 a sanarwa mai lamba MS02-039. Sai bayan haka ya yi bayani a taron masana tsaron kwamfuta na Black Hat a Las Vegas, ya nuna misalin yadda za a iya shiga. Da Slammer ta fito aka ga alamun wannan misali a jikinta, sai wasu suka juyo kansa, wai shi ya koya wa ɓarawo hanya. Shi kansa abin ya dame shi har ya ce zai sake tunani a kan buga irin waɗannan misalai. Amma laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Mutumin da ya gano ramin, ya faɗa wa mai shi a asirce, ya jira har aka fito da magani, sannan ya sanar da duniya don a farka, shi ne kaɗai a wannan labari ya sauke nauyin da ke kansa.

Daga 24 ga Yuli zuwa 25 ga Janairu wata shida ne cur. Ku masu kula da waɗannan na'urori 75,000, ina kuke? Faci kyauta ne. Sanarwa ta ce abin na gaggawa ne. An yi bayaninsa a babban taro, jaridun fasaha sun ɗauka. Ko da ba ku liƙa ba, me ya kai rumbun bayanai bakin titi? Wace hujja ce ta sa ƙofa ta 1434 take buɗe ga duk wanda ke duniya, alhali doka ɗaya a katangar tsaro ta isa ta rufe ta? Rumbu abin cikin gida ne, manhajojin ma'aikata ne kawai ya kamata su yi magana da shi.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma akwai gaskiya a cikinta. Facin da aka fara fitarwa wahala ne da shi: sai ka tsayar da manhajar, ka kwafe fayiloli da hannu ɗaya bayan ɗaya, ka gudanar da wasu umarnai, kuskure ɗaya ya hana rumbun tashi. Faci na zuwa a jere kamar ba za su ƙare ba, kuma kowa ya taɓa ganin facin da ya gyara abu ɗaya ya ɓata biyu. Shi ya sa a ofisoshi da yawa maganar ita ce: tun da yana aiki, kar a taɓa. Har cikin Microsoft kanta tsutsar ta shiga, ta sami na'urorin da ma'aikatanta ba su liƙa wa facin kamfaninsu ba. Wannan ya kamata ya kunyata kamfanin, don wanda ya yi maganin da shi kansa ya kasa sha ba shi da bakin zagin majinyaci. Amma wahalar faci dalili ce ta a ware masa lokaci da na'urar gwaji. Ba ta zama lasisin a bar rami a buɗe rabin shekara ba.

Akwai kuma waɗanda ba su ma san suna da rumbun ba, kuma nasu ya fi ba ni haushi, ba don laifinsu ba, don laifin waɗanda suka saka su a ciki. A lokacin Microsoft na da wani ƙaramin nau'i na SQL Server mai suna MSDE, wanda ake cusawa a cikin wasu manhajoji a matsayin ma'ajiyarsu. Ka sayi manhajar lissafi, ko ta zane, ko ta kula da kayan ofis, ka saka, a ɓoye ta saka maka rumbun bayanai da ƙofarsa a buɗe yana sauraron duniya. Ba wanda ya gaya maka. Sanarwar faci ta fito da sunan SQL Server, ka karanta ka wuce, don a saninka ba ka da shi. Wane irin ciniki ne wannan? Idan ka sayar wa mutum kaya da wani abu ƙunshe a ciki, kai ne za ka bi shi ka gaya masa ran da abin ya lalace. Kamfanoni da yawa ba su yi ba. Sannan barin ƙofa a buɗe tun daga masana'anta, don kada kwastoma ya sha wahalar buɗewa, zaɓi ne da aka yi da gangan: an fifita sauƙin sayarwa a kan lafiyar mai saye.

Abin da ya faru a tashar nukiliya ta Davis-Besse a jihar Ohio ya isa ya nuna zurfin gangancin. Tashar na da katangar tsaro, kuma katangar ta toshe ƙofar da tsutsar ke bi. Sai dai akwai wani layi da aka ja daga ofishin wani ɗan kwangila zuwa cibiyar kamfanin da ke gudanar da tashar, layin da ya zagaye katangar gaba ɗaya. Ta nan Slammer ta shigo, ta gangara har cikin na'urorin tashar, ta sami wadda ba a liƙa wa faci ba. Allon da ke nuna wa ma'aikata ma'aunan lafiyar tukunyar nukiliya ya daina aiki kusan sa'a biyar. Allah ya kiyaye, tashar tana rufe tun 2002 saboda wani ramin tsatsa da aka gano a murfin tukunyar, kuma tsofaffin ma'aunai na allura suna nan suna aiki. Amma ku duba jerin: layin bayan gida da masu tsaro ba su lissafa da shi ba, na'urar da ba faci, injiniyoyin da rahotanni suka ce ba su ma san facin ya fito ba. A tashar nukiliya ke nan, inda ake tsammanin an fi ko'ina taka-tsantsan.

Yanzu ga ku shugabanni, manajoji da daraktoci, don a teburinku maganar take ƙarewa. Injiniya ya zo ya ce a ba shi sa'a biyu daren Asabar ya tsayar da rumbu ya yi faci, ku ce kasuwa ba ta tsayawa. Ya nemi na'ura ta biyu don gwaji, ku ce babu a kasafi. Mutum ɗaya kuka ɗora wa na'ura ɗari, shi ne mai gyaran firinta, shi ne mai mayar wa oga kalmar sirrin da ya manta. Ran da abin ya fashe kuma ku fito da sanarwa cewa wasu ƙwararrun 'yan kutse sun kawo hari mai sarƙaƙiya, ku nemi ƙaramin ma'aikaci ku kora. Kun ƙi sa'a biyu da kuka zaɓa da kanku, kuka sami kwana biyu da wani ya zaɓa muku. Ba ku ma san adadin rumbunan da ke ƙarƙashinku ba, kuma ba ku taɓa tambaya ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, Slammer ba ta ɗauki komai ba. Ba ta goge fayil ko ɗaya ba, ba ta saci lambar asusun kowa ba, ba ta ko rubuta kanta a faifai ba. A ƙwaƙwalwa kawai take zaune, ka kashe na'ura ka kunna ta tafi, sai dai ta sake dawowa idan ramin na nan. Duk ɓarnar da aka gani ta cunkoso ce. Alhali wanda ya rubuta ta yana da ikon sa na'urorin nan su yi duk abin da ya ga dama. Da ya ƙara 'yan layuka ya sa a goge rumbunan, ko mafi muni ya sa a riƙa canza lamba ɗaya a cikin dubu a ɓoye, da an yi watanni ba a san wane lissafi ne na gaskiya ba. Kuma ramin nan ya yi wata shida a sane, duk wanda ya iya zai shiga shiru ya kwashi abin da yake so ya fita ba tare da hayaniya ba. Rumbun bayanai ba kamar sauran manhajoji ba ne. A cikinsa ake rubuta wa ke bin wa bashi, wane magani aka ba wane majinyaci, nawa ya rage a asusun marayu. Mu ma yau haka rayuwarmu ta koma: kuɗin ɗan kasuwar Kantin Kwari a banki, lambarsa ta BVN da ta NIN, sakamakon jarrabawar 'yarsa, duk layuka ne a cikin irin waɗannan manhajoji. Bai zaɓi manhajar ba, bai san sunanta ba, ba zai iya liƙa mata faci ba. Amana ya bayar, kuma wanda aka ba amana ba ya cewa aiki ya yi masa yawa.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba: Microsoft ta ji jiki ta gyara. Tun a Janairun 2002 Bill Gates ya rubuta wa ma'aikatansa cewa tsaro ya zama gaba da sababbin ƙawace-ƙawace, kuma bayan Slammer aka ƙara ƙaimi a aikin. Aka bi tsofaffin rubuce-rubuce layi-layi, aka hana amfani da umarnan kwafi marasa awo, aka sa kariya a kan adireshin komawa, aka fara fitar da kaya da ƙofofi a rufe. SQL Server 2005 ta fito da ƙarancin ɓaraka ƙwarai idan aka gwada da ta baya, har Litchfield ɗin ya yaba. Wannan kuwa hujja ce a kansu da sauran: abin mai yiwuwa ne tun farko, niyya ce babu sai da kunya ta zo.

Ciwon kuma bai warke a masana'antar ba. A Disambar 2012 aka bayyana irin wannan tumbatsar a wata manhajar rumbu mai suna MySQL, inda dogon sunan rumbu a cikin umarnin ba da izini yake wuce gurbinsa. A ƙarshen 2016 kamfanin tsaro na Check Point ya ga Slammer ɗin nan dai ta sake yunƙurowa tana neman masauki, shekara 14 bayan fitar facinta. A 2019 wani injiniyan Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakokin da kamfanin ke toshewa kowace shekara na rashin kiyaye iyakar ƙwaƙwalwa ne, dangin wannan kuskure. A Fabrairun 2025 hukumar CISA da FBI a Amurka suka fitar da gargaɗi na musamman a kan tumbatsar gurbi, suka sa ta a sahun aibobin da ba a yafewa. Manyan manhajojin rumbu har yau da C da C++ aka gina su, harsunan da ba sa hana ka zuba abin da ya fi gurbi. Ba na cewa a rushe aikin shekara talatin a dare ɗaya. Amma akwai Rust, akwai Go, akwai Java, waɗanda ke duba iyaka da kansu. Duk wanda ya zauna yau zai rubuta sabon sashe da zai karɓi saƙo daga waje, ya zaɓi tsohuwar hanya don ita ya saba, ya san abin da yake yi.

Abin da ya sa ba a daina ba a fili yake: mai laifin ba shi ke biya ba. Buɗe takardar lasisin kowace babbar manhaja ka karanta, za ka ga an rubuta an sayar maka da ita yadda take, ba garanti, kamfani ba ya ɗaukar asarar da ta jawo maka. Mai ƙera mota da ya saki birki marar kyau yana janye motocin da kuɗinsa, kotu kuma na jiransa. Mai manhaja ya saki rami, ya fitar da faci, ya ɗora maka aikin liƙawa da haɗarinsa, idan ka makara ya ce laifinka ne. Bankuna da gwamnatoci da jami'o'i, ku ne manyan masu saye, kuma kun yi shiru kun sa hannu. Ku daina. Ku sa a cikin kwangila cewa mai kaya zai lissafa muku duk abin da ya cusa a cikin manhajarsa, ya faɗi ƙofofin da take buɗewa, ya nuna shaidar gwajin da ya yi musu, ya ɗaure kansa da wa'adin fitar da faci da zai liƙu ba tare da tsayar da aiki na yini guda ba, kuma ya biya idan aka shigo muku ta gurbin da bai auna ba. Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, ku mayar masa da takardarsa ku kira na gaba.